Mai zane yana Abuja, gini yana Zariya: me zai haɗa mu a kan takarda ɗaya?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan kwangila ne, yanzu haka ina gina wani asibiti mai zaman kansa, bene hawa biyu, a Zariya. Akitek ɗin da injiniyan da ya yi lissafin ƙarfin ginin duk suna Abuja, sai a yi wata ba su leƙo ba. Kwanan baya muka zuba matattakalar bene, ashe an canza zanen, sabon bai iso hannun foman ɗina ba, sai da muka fasa. Ga shi kuma falamba yana cewa bututun banɗaki ba shi da hanya sai ta cikin bim. Kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi, mai ginin kuma ya ce ba zai ƙara ko sisi ba. Wani yaro ya ce mini BIM ne maganin wannan. Da gaske ne? Kuma mai ƙaramin ƙarfi irina zai iya?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri a kan asarar matattakalar. Tun kafin mu shiga maganar kwamfuta, ga abin gaggawa: kada ka bari falamba ya sa kurfi da guduma a jikin bim ɗin nan, wato gungumen kankaren da ke kwance a kan filoli yana ɗaukar nauyin bene. Rodin da ke ƙasan bim shi ke riƙe nauyi a tsakiya, ringin da ke kusa da fila kuma shi ke hana shi tsagewa. Wanda ya huda ya yanke ɗaya daga cikinsu ya raunana ginin, ko da an shafe wurin da filasta ya yi sumul. Ka ɗauki hoto, ka auna wurin, ka aika wa injiniyan, kuma kada a ci gaba a wannan ɓangaren sai ya ba da amsa a rubuce.

In na fahimce ka da kyau, cuta uku ka lissafa, kana neman magani ɗaya. Ta farko, an yi gini da tsohon zane. Ta biyu, zanen ruwa da zanen ƙarfin gini sun ci karo. Ta uku, da aka yi ɓarna babu wata shaida da za ta nuna wanda ya faɗi me, kuma yaushe. Abin da yaron ya kira BIM, wato gina samfurin gini a cikin kwamfuta kafin a gina shi a ƙasa, ya fi ƙarfi ne a kan ta biyu. Ta farko da ta uku, waɗanda a ganina su suka fi cinye kuɗin 'yan kwangila a ƙasar nan, wayar da ke aljihunka ta ishe su in aka sa mata ƙa'ida.

Inda ɓarakar take fitowa

Yadda muka saba, mai gini yana kiran akitek ya zana masa. Akitek ya miƙa wa injiniyan ƙarfin gini, shi ma ya fitar da nasa zanen. Na lantarki da na ruwa su biyo baya, in ma an damu an biya su. Mai ƙididdigar kaya ya fitar da kiyasi, sannan a nemo ɗan kwangila. Ke nan kai, da ka fi kowa sanin abin da zai ginu da wanda ba zai ginu ba, kai ne na ƙarshen shigowa, lokacin da an riga an gama shawara. Kowanne daga cikin waɗannan mutane a ofishinsa ya zana nasa, galibi da AutoCAD, manhajar da ta fito tun 1982. Ita layi take ja kawai. Ba ta san cewa layin nan bango ne, wancan bututu ne ba. Idan akitek ya matsar da banɗaki da mita ɗaya, babu abin da zai motsa a zanen injiniya sai in wani ya tuna ya kira shi.

Wannan ba ciwon Najeriya kaɗai ba ne. Misalin da ake koya wa ɗaliban injiniya a duniya daga Amurka yake. A ranar 17 ga Yuli, 1981, a otal ɗin Hyatt Regency da ke birnin Kansas, wasu gadojin tafiya guda biyu da aka rataya a cikin babban zauren otal ɗin suka rufto kan jama'a ana tsakiyar taron rawa. Mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka jikkata. A zanen farko, sandar ƙarfe ɗaya ce doguwa za ta sauko daga rufi, ta ratsa gadar hawa na huɗu, ta wuce ta riƙe ta hawa na biyu. Kamfanin da ke haɗa ƙarfen ya ga wannan zai yi wuyar aiki, domin sai an yi wa sandar zare mai tsawo kafin a murɗa noti har ya kai tsakiya. Sai aka mayar da ita sanda biyu: ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya daga gadar sama zuwa ta ƙasa. A ido ƙaramin gyara ne. A lissafi kuwa, mahaɗar gadar sama ta koma ɗaukar nauyin gadoji biyu maimakon ɗaya. Zanen da ke ɗauke da canjin ya bi ta ofishin injiniyoyi, aka buga masa hatimi, ba wanda ya zauna ya sake lissafi. Daga baya hukumar jihar Missouri ta ƙwace lasisin injiniyoyin, kuma bincike ya nuna ko zanen farkon ma bai cika ƙa'idar ginin birnin ba.

Abin da nake so ka lura da shi a labarin nan: masu haɗa ƙarfen ba su yi ƙarya ba da suka ce zanen yana da wuyar ginuwa, kamar yadda falambanka bai yi ƙarya ba. Ɓarnar ta faru ne a hanyar da canjin ya bi. Duk wata fasaha da za ka sayo, in ba ta gyara wannan hanyar ba, ado ce.

Abin da za ka fara gobe da safe

Ku buɗe jaka ɗaya a intanet, Google Drive ko makamancinsa, wadda kai da akitek da injiniya da mai ginin duk kuke gani. A yi yarjejeniya cewa zanen da ba ya cikin wannan jakar, ba zane ba ne, ko wa ya turo shi. Kowace takarda ta ɗauki lamba, da harafin gyara, da kwanan wata, da layi ɗaya da ke faɗin abin da aka canza. Wurin da aka canza a zagaye shi, don kada foman ya ɓata rabin yini yana laluben bambanci. Idan sabo ya shigo, tsohon ya koma wata jaka ta ajiya. Kada a goge shi, domin ranar rigima shi ne shaidarka.

Wannan tsari ba ni na ƙirƙiro shi ba. Ƙa'idar duniya ta ISO 19650, wadda aka fara fitarwa a 2018, a kansa ta ginu: rumbun bayanai ɗaya ga kowa, kuma kowace takarda tana cikin ɗaya daga matakai huɗu, wato wadda ake kan aiki a kanta, wadda aka raba don a duba, wadda aka amince a yi gini da ita, da wadda aka adana. Manyan kamfanoni suna biyan dala ga irin su Procore ko Autodesk Construction Cloud don su samu wannan. Kai jaka huɗu masu waɗannan sunaye sun ishe ka a aiki mai girman naka, muddin mutum ɗaya ne tak yake da ikon sa takarda a jaka ta uku.

Amma birkila ba ya gini da Google Drive, da takarda yake yi. Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. A wuraren da nake sa ido, ranar da sabon zane ya sauka, ranar ake buga shi, foman ya karɓi tsohon daga hannun kowa, har wanda kafinta ya naɗe ya cusa a bayan katako, a ja masa jan layi daga kusurwa zuwa kusurwa. A jikin bangon ofishin wurin aiki akwai takarda ɗaya da ke jera lambar kowane zane da harafinsa na yanzu. Kafin a ɗaura rodi ko a buga katakon kankare, foman yana duba harafin da ke hannunsa da na bango. Minti biyu ne. Da shi aka yi, da matattakalarka tana nan.

Sai maganar WhatsApp. Ina amfani da shi kullum, ba zan ce ka bari ba, amma ka san halinsa. Zane yana nutsewa a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da hotunan ɗaurin aure. Hoto in ba a tura shi a matsayin fayil ba, manhajar tana matse shi har lambobin awo su dushe. Mai saƙo yana iya gogewa, waya tana iya ɓata. Saboda haka ka mayar da shi ƙararrawa kawai: "Zanen matattakala, gyara na C, yana cikin jaka." Saƙon murya kuwa, a kan abin da ya shafi awo ko rodi, ni ba na karɓa sam. Mutum ya ce sha shida, iska ta kaɗa, aka ji sha biyu.

Tambaya ma a ba ta lamba. Duk lokacin da zane bai fito fili ba, ko biyu suka saɓa, ka rubuta: lamba ta kaza, zane mai lamba kaza, ga abin da muka gani, ga hoto, ga shawararmu, muna buƙatar amsa kafin rana kaza domin ranar za mu zuba dakin, wato shimfiɗar kankaren bene. Shafi ɗaya na Google Sheets ya isa ya riƙe jerin duka, da ranar tambaya da ranar amsa. Za ka ga abin mamaki: akitek ɗin da ke yin mako bai ɗaga waya ba, da ya san mai ginin yana ganin tambaya ta kwana goma babu amsa, sai hannunsa ya yi sauri. Idan kuma aka ba ka umarni da baki, a waya ko a tsaye a wurin aiki, kafin rana ta faɗi ka rubuta ka aika: "Kamar yadda ka umarta yau, za mu yi kaza, kuma zai ƙara kuɗi kaza da kwana kaza." Magana zarar bunu ce, kankare kuwa ya fi ta wuyar mayarwa.

Tunda injiniyanka yana nesa, kafin kowace zuba kankare a yi masa kiran bidiyo, a zagaya da shi. A ɗauki hoton rodi da tef a shimfiɗe a kai don a ga tazara, a auna kaurinsa da ma'auni a gaban kyamara, domin ba duk rodin da aka sayar maka a matsayin mai 12 ne yake cika milimita 12 ba. A nuna biskit ɗin da ke ɗaga rodi daga katako, a nuna bututun waya da hannun riga, wato guntun bututun da ake binnewa a kankare don bututun ruwa ya ratsa ta cikinsa. Wannan ba ya maye gurbin zuwansa a manyan matakai kamar fandisho da dakin, amma ya fi a zuba a rufe babu wanda ya gani.

To, shi BIM ɗin fa?

A taƙaice, gina ginin ne a cikin kwamfuta kafin a gina shi a ƙasa. Maimakon layi, ana sa bango wanda ya san shi bango ne, ya san kaurinsa inci 9 ne ko 6, ya san tsayinsa da kayan da aka yi shi da su. Fila, bim, ƙofa, bututu, kowanne haka. Daga wannan samfuri ɗaya ake ciro duk zanuka, saboda haka in aka matsar da taga a wuri ɗaya, ta matsa a ko'ina. Manhajojin da aka fi sani su ne Revit, wadda Autodesk ta saya a 2002, da ArchiCAD ta kamfanin Graphisoft na ƙasar Hungary, da Tekla ta Finland wadda masu aikin ƙarfe suka fi so. Akwai kuma nau'in fayil da ake kira IFC, wanda ba mallakar kowane kamfani ba ne, don mai wannan manhaja ya iya buɗe aikin mai waccan.

Babban amfaninsa a gare ka shi ne gano karo. Ana ɗora samfurin akitek da na injiniya da na masu ruwa da lantarki a kan juna a cikin Navisworks ko Solibri, manhajar ta jero duk inda abu biyu suke neman zama a wuri ɗaya. Bututun falambanka da tun a nan aka kama shi, lokacin da gyaransa aikin awa ɗaya ne a kan tebur: ko a bar masa hannun riga a inda injiniya ya yarda, ko a sauke dakin ɗin banɗakin, ko a fitar da shi ta wata rijiyar bututu.

Sai dai kwamfuta ba ta san komai ba. A wani ginin masauki da na yi aiki a kansa, manhajar ta ce babu karo ko ɗaya a wani dogon lungu. Muka ɗora kwamfutar a kan bulo, muka kira masu aikin hannu su gani. Wani dattijon falamba, wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ya duƙa ya ƙura wa allon ido, ya sa yatsa ya bi bututun mai inci 4 daga banɗaki na farko har ƙarshe, ya ce, "Injiniya, wannan a kwance yake. Ruwan da ƙafa zai tafi?" Wanda ya zana bai ba shi gangara ba. Bututun ƙazanta irin wannan ana yawan ba shi gangarar 1 cikin 40, ke nan a tsawon mita 8 zai sauka da milimita 200. Da aka sa gangarar, sai ga shi ya faɗa cikin hanyar bututun na'urar sanyaya ɗaki, ya kuma leƙo ƙasan silin. A nan muka zauna, shi da mai wayarin da wakilin akitek, aka raba wa kowa hanyarsa. Tun daga ranar na fi daraja samfurin a matsayin abin da ke sa mai aikin hannu ya ga abin da ke cikin kan mai zane. Mutane da yawa a wurin aiki ba sa karanta zanen yanka, wato wanda ke nuna cikin gini kamar an tsaga shi daga sama zuwa ƙasa, amma nuna musu ginin a tsaye a allo, su juya shi da yatsa, nan take za su gaya maka inda zai ba da matsala. Gani ya kori ji.

Ƙasashen da suka yi nisa, gwamnati ce ta tura. Birtaniya ta sanar a 2011 cewa daga 2016 ayyukan gwamnatin tsakiya sai da BIM mataki na biyu, wato kowane mai zane ya yi samfurinsa a haɗa su wuri ɗaya. Singafo ma ta wajabta miƙa samfurin wajen neman izinin manyan gine-gine. Inda babu irin wannan tilas, mai gini ne kaɗai zai iya cewa a yi, kuma shi zai biya.

Ga hukuncina a kan aikinka. Asibiti yana cikin gine-ginen da suka fi cancantar samfuri, domin cike yake da bututu: ruwan sanyi da na zafi, magudana, iskar oksijin, wayoyin wuta da na kiran nas, na'urar sanyaya ɗakin tiyata. Da gidan kwana ne mai ɗaki huɗu, da na ce kada ka wahalar da kanka. Amma kai ba ka buƙatar sayen Revit. Lasisinta da dala ake biya duk shekara, tana son kwamfuta mai ƙarfi da wanda ya ƙware. Aikin masu zane ne su gina samfurin, naka shi ne ka iya buɗewa ka duba, kuma manhajojin dubawa kyauta suna nan: Autodesk Viewer a burauza, BIMvision a kwamfuta, BIMx a waya in da ArchiCAD aka yi aikin. Ka tambayi akitek ɗinka da me ya zana. Sau da yawa za ka tarar da Revit ko ArchiCAD ya yi, don ya fitar da hoto mai kyau ya nuna wa mai gini, sannan ya ba ka takarda kawai. In haka ne, rabin aikin yana nan a kwance. Tunda an riga an tashi da ginin, ba sai an yi samfurin komai ba: a yi na filoli da bim yadda suke a ƙasa yanzu, a ɗora hanyoyin ruwa da wuta na hawan da ba a zuba ba. Kuɗin wannan ka gwada shi da abin da fasa matattakala ɗaya ya ci maka na siminti, rodi, katako, lebura da kwanaki, sai ka kai wa mai ginin lissafin.

Inda fasahar take tsayawa

Samfuri gwargwadon gaskiyar abin da aka zuba masa yake. In awon filin ba daidai ba ne, ko ba a gwada ƙasa ba, zai nuna maka kyakkyawan gini a kan ƙarya. Ba ya gwada kankare. Wannan sai an cika 'yan akwatunan gwaji an kai ɗakin bincike an matse su a kwana 7 da kwana 28. Ba ya hana a rage siminti da dare. Kuma ba ya warkar da jinkiri shi kaɗai. Layin dogon Crossrail na Landan yana cikin ayyukan da aka fi yi wa kirari wajen amfani da BIM, duk da haka an shirya buɗe shi a Disamba 2018, bai buɗe ba sai Mayu 2022. Ga kuma namu na gida, wuta da sabis: duk abin da foman yake buƙata a sauke masa a waya tun da safe, kada ya dogara da intanet a ƙarƙashin dakin.

Akwai kuma batun hakki, wanda ya fi manhaja muhimmanci. A rubuta a kwangila wanne ne ke da rinjaye in samfuri da zanen da aka sa wa hannu suka saɓa. Ni nakan ce zanen da ke ɗauke da hatimin akitek mai rajistar ARCON (hukumar rajistar akitek ta Najeriya) ko injiniya mai rajistar COREN (takwararta ta injiniyoyi) shi ne hujja, samfuri mataimaki ne. A rubuta kwana nawa mai zane yake da su ya amsa tambaya, da kuma cewa saƙon imel da abin da aka sa a jakar aiki sanarwa ce karɓaɓɓiya. Manyan kwangiloli sun daɗe da irin wannan: a tsarin kwangilar gini na ƙasa da ƙasa da ake kira FIDIC, ɗan kwangilar da bai ba da sanarwar neman ƙarin kuɗi ko lokaci cikin kwana 28 ba yana iya rasa hakkinsa gaba ɗaya.

Game da wanda zai ɗauki asarar matattakalar, ban ga takardar kwangilarku ba, don haka ba zan yanke hukunci daga nan ba. Amsar tana rataye ne a kan tambaya ɗaya: yaushe aka fitar da sabon zanen, kuma hannun wa ya shiga? In an aiko maka kafin zubawa ya maƙale a wayarka, kai za ka haɗiye. In bayan an zuba aka fitar, ko aka aika wa mai ginin shi kaɗai, to canjin aiki ne, kana da bakin neman kuɗinka. Ka tattara saƙonnin da hotunan da kwanakinsu tun yanzu, ka adana su a wani wuri ban da wayar. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar karɓar bayanan na'ura a kotu bisa wasu sharuɗɗa, amma wannan fagen lauya ne, kuma zama ɗaya da takardu a kan tebur yakan kashe maganar ba a je ko'ina ba.

Abin da ya rage shi ne wanda zai riƙe duk wannan, domin kai kana tsakanin banki da kasuwar rodi, foman kuma yana kan leburori. Ka ɗauki matashi ɗaya wanda wannan ne kaɗai aikinsa: karɓar zane, bugawa, janye tsoho, rubuta tambayoyi, ɗaukar hoto kafin a zuba, buɗe samfuri ga falamba da mai wayarin. A Zariya kake, Jami'ar Ahmadu Bello tana yaye ɗaliban zanen gini da fasahar gini da ƙididdigar kaya duk shekara, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a kusa, kuma da yawansu sun taɓa Revit tun suna makaranta. Ka gaya wa foman a gaban kowa cewa in yaron ya ce harafin zane bai yi daidai ba, a dakata da aikin har a duba, ko da motar kankare tana bakin ƙofa.